Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ofishin Rajistar Tambarin Kasuwanci: kada ku mallaka wa kowa sunan kayan da muke sayarwa

Zuwa ga Magatakarda da jami'an Ofishin Rajistar Tambarin Kasuwanci,
Sashen Dokokin Kasuwanci,
Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Caja nake sayarwa da batir da memori da iyafis da fawa bank, sari da ɗai-ɗai. A layinmu akwai yara masu gyaran waya, cikinsu har da waɗanda suka fara koyon rubuta manhaja suna mafarkin buɗe kamfaninsu. Maganar da zan yi ta shafi abincina, ta kuma fi shafar nasu.

Roƙona shi ne, duk kamfanin da ya zo ofishinku yana neman ku mallaka masa kalmar da ita ce sunan kayan fasaha a bakin jama'a, ku hana shi, ko da Turanci kalmar take, ko da Hausa, ko da wani harshe na ƙasar nan. A kan Hausar na fi jin tsoro, kuma zan faɗi dalili.

Kada a ɗauke ni maƙiyin rajista. Mai sayar da caja a Kano ya fi lauya sanin amfanin tambari. Kwali biyu za a ajiye maka, dukkansu an rubuta Oraimo, launi ɗaya, rubutu ɗaya, amma ɗaya na kamfanin ne, ɗaya jabu ne da aka buga a wani lungu. Jabun ya yi 'yan kwanaki ya mutu, wani lokaci ya tafi da batirin wayar bawan Allah, shi kuma ya dawo ya tsaya ƙofar shagonka yana ɗaga murya. Kamfani ya yi asara, mai saye ya yi asara, mu masu sayar da na gaskiya mun fi kowa, domin mai jabu ya riga ya karya farashi. 'Yan Kantin Kwari sun daɗe suna wannan kukan a kan atamfa da shadda. Duk ranar da ofishinku ya tsaya wa mai suna a kan sunansa, mu ma ya tsaya mana.

Amma aikin tambari shi ne ya gaya wa mai saye kayan na wane ne. Tecno da Infinix da itel suna nuna daga wane gida waya ta fito. Kalmar "waya" kuwa ita ce abin da mutum ya shigo kasuwa nema tun farko. Apple na nufin tuffa, kalma ce ta kowa, amma ba wanda ya cutu don an ba kamfanin kwamfuta ita, tunda tuffa ba ta haɗa komai da kwamfuta ba, kuma masu sayar da ita a 'Yan Lemo suna nan suna cinikinsu. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ba mai kaya sunan kayan kansa. Ku ɗauka a ce wani attajiri a Kwari ya yi rajistar kalmar "atamfa", ya ce daga yau duk wanda ya rubuta ta a allon shagonsa ya shiga haƙƙinsa. Ai ranar kasuwar ba za ta ci ba. To a harkar fasaha ana yin irin wannan ɗin, sau da yawa ma a wuce salin-alin, saboda kalmomin sababbi ne: kafin jama'a su farga cewa sunan abu ne, wani ya riga ya kai takarda ofis.

Ba zato nake yi ba. An yi a Amurka, inda ofishin rajistarsu ya fi naku ma'aikata da kuɗi.

Tun shekarun 1970 masanan kwamfuta ke kiran ɗan akwatin nan da ke buɗewa a fuskar kwamfuta da suna "window", wato taga. Microsoft bai fitar da Windows ba sai 1985. Da ya nemi rajistar sunan, ofishin Amurka ya fara ƙi a 1993, sannan ya amince a 1995. A ƙarshen 2001 Microsoft ya maka wani ƙaramin kamfani mai suna Lindows a kotu, wai sunan ya yi kama da nasa. Shi kuma ƙaramin ya ce, to bari mu fara duba ko kalmar taka ce ma tukuna. Alƙali a birnin Siyatil ya yarda cewa abin da za a duba shi ne yadda ake amfani da kalmar kafin 1985. Microsoft ya bi Lindows da ƙararraki har ƙasashen Turai, amma a gida bai bari an kai ga hukunci ba: a watan Yulin 2004 aka yi sulhu, shi mai ƙara ne ya biya wanda yake ƙara dala miliyan 20, Lindows ya koma Linspire. Mutum ba ya biyan irin wannan kuɗi a kan shari'ar da ya tabbatar zai ci. Sai dai ku lura da yadda abin ya ƙare: babba ya riƙe kalmarsa, ƙarami ya bar sunansa, tambayar kuma ba kotun da ta amsa ta.

Bayan 'yan shekaru sai shi Microsoft ɗin ya koma ɗaya ɓangaren. Apple ya buɗe App Store a 2008, ya nemi mallakar sunan. Microsoft ya ƙalubalanta, yana cewa wannan ai kamar "kantin takalma" ne, kanti ne da ake sayar da manhajoji, ba wani abu ba. Gaskiya ya faɗa, ko da yake bakin da ya faɗe ta abin dariya ne. A watan Maris na 2011 Apple ya kai Amazon ƙara don ya sa wa nasa kantin suna Appstore. Aka yi sama da shekara biyu ana biyan lauyoyi, a Yulin 2013 Apple ya janye. Amazon ne ya iya jure shekara biyun. Da wani yaro ne daga Tarauni, wasiƙar lauya ta farko ta ishe shi ya sauke allo.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Facebook ya kai ƙarar wani ƙaramin dandalin malaman makaranta mai suna Teachbook a 2010 saboda kalmar "book", littafi ke nan. Kamfanin King mai wasan Candy Crush ya nemi mallakar kalmar "Candy", wato alewa, sai da masu ƙera wasanni suka yi masa ca sannan ya janye a Amurka a 2014. A 1994 wani mutum a Boston, wanda bai rubuta ko layi ɗaya na Linux ba, wato wata manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya je ya nemi rajistar sunan, daga baya aka ba shi, a 1996 ya fara aika wasiƙu yana neman a biya shi. Sai 1997 aka karɓe sunan aka miƙa wa Linus Torvalds da ya ƙirƙiro abin.

Akwai kuma inda ofishi ya yi abin da ya dace. A watan Fabrairun 2024 ofishin Amurka ya hana OpenAI rajistar haruffan GPT, ya ce bayanin irin fasahar ne kawai, ba sunan kamfani ba. Kuma haka ne, domin tsarin da harafin ƙarshe, T, ke nufi, wato Transformer, masu bincike na Google ne suka fito da shi a 2017, kamfanoni da jami'o'i da yawa na aiki da shi. OpenAI na da ChatGPT, sunan da duniya ta san shi da shi, ba wanda ke jayayya. Da an haɗa masa da GPT ɗin, da duk ɗalibin da ya gina ƙaramar manhajar ƙirƙirarriyar basira ba zai iya faɗin irin abin da ya gina ba sai da fargaba. Wannan hukuncin nake so ku ɗauka abin koyi, ba na Kotun Ƙolin Amurka na ranar 30 ga Yunin 2020 ba, inda alƙalai 8 cikin 9 suka ce Booking.com, sunan wani shafin kama ɗakin otal da aka gina a kan kalmar gama-gari ta "booking", na iya zama tambari muddin masu saye sun ɗauke shi sunan kamfani. Alƙali Stephen Breyer, shi kaɗai da ya saɓa, ya yi gargaɗin cewa hakan zai ba manya damar killace kalmomin da kowa ke buƙata. Ni dai ra'ayinsa na bi. Wa ke iya sa masu saye su ɗauki kalma a matsayin sunansa? Mai kuɗin talla. Ke nan an ce wa mai kuɗi ya sayi kalmar da talla, sannan ya dawo ya karɓi takarda.

Yanzu in dawo gida.

Dokarmu ta tambarin kasuwanci ta 1965 ce, an kwafo ta daga ta Ingila ta 1938. Ta tsufa, amma a wannan gaɓar ba ta yi sake ba. Sashe na 9 ya lissafa abin da ake yi wa rajista, ciki har da kalmar da aka ƙirƙira, da kalmar da ba ta nuni kai tsaye ga yanayin kayan ko ingancinsu. Kotun Ƙolinmu ma ta bi wannan ruhin a shari'ar Ferodo da Ibeto a 2004, kan kayan birkin mota, da ta ce abin da Ferodo ya mallaka sunansa ne, ba launukan ja da baƙi da fari na jikin kwali ba. Don haka ba sabuwar doka nake nema ba. Abin da nake tambaya shi ne, "kalmar da aka ƙirƙira" a kunnen wa?

Jami'in da ke tantance takardu a Abuja zai iya zama mutumin Inugu ko Ibadan ko Kalaba, ba kuwa laifinsa ba ne don bai ji Hausa ba. In aka kawo masa "Software" a rukuni na 9, rukunin kwamfuta da waya da manhajoji, nan take zai ce a'a. In aka kawo masa "Manhaja" fa? Zai duba kundinsa, ya ga ba wanda ya riga, ya ji kalmar baƙuwa mai daɗin faɗi, ya buga hatimi. Alhali a nan Kano manhaja ita ce ainihin sunan abin: haka ake faɗa a labaran rediyo, haka jaridun Hausa ke rubutawa, haka malami ke koya wa ɗalibi. Haka "Asusu" ko "Adashi" ko "Lalita" a rukuni na 36 na hada-hadar kuɗi, haka "Saƙo" ko "Zumunta" a rukuni na 38 na sadarwa, haka "Taska" ko "Rumbu" ga mai sayar da wurin ajiyar bayanai a rukuni na 42. Waɗannan kalmomi ba kamfani ne ya yi musu wahala ba. Wasunsu tun kaka da kakanni suke, wasu kuma 'yan jarida da masu fassara da malaman jami'a ne suka yi ta gwadawa suna jefarwa har jama'a suka karɓi wadda ta zauna a baki. Ba wanda ya biya su, ba su kuma ce tasu ba ce.

Kamfanonin fasaha kuwa sun riga sun gano daɗin kalmomin Hausa. Wani kamfanin hada-hadar kuɗi na Legas ya yi shekaru yana amsa sunan Kudi kafin ya koma Nomba a 2022. Ban ga aibunsa ba, har daɗi na ji da na ga harshenmu a allunan Legas. Sa wa kamfani suna da kalmar Hausa halal ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a wayi gari wani, ko wane ne shi, ya riƙe takardar da za ta hana mai POS a Ƙofar Wambai rubuta "kuɗi" a jikin lemarsa, ko ta hana yaron da ya gina manhajar tura kuɗi sa kalmar a sunanta.

In kuna ganin na kai abin nesa, ku tambayi 'yan'uwanmu Yarabawa. A 2015 wani kamfanin tufafi a Ingila ya yi rajistar kalmar "Yoruba" ita kanta, ofishin Birtaniya kuma ya ba shi. Ba wanda ya sani sai 2021, lokacin da wata cibiya da ke koyar da yara harshen Yarabanci a Landan ta je rajistar sunan shirinta, ta tarar akwai mai kalmar, ya kuma ƙalubalance ta. Sai da aka yi ta hayaniya a kafafen sada zumunta sannan kamfanin ya saki. Sunan kamfanin, don ƙarin takaici, Timbuktu Global. Masu jin Suwahili su ma sun tarar Disney na riƙe da rajistar "Hakuna Matata" a kan tufafi a Amurka tun 2003, maganar da suke yi kullum a tsakaninsu. A 2018 sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke. A ganina irin wannan na faruwa ne idan jami'in da ya duba takardar bai ji harshen ba, masu harshen kuma ba su ga takardar ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Waɗancan ofisoshin Turawa ne, suna da uzurin nisa. Ku ba ku da shi, Kano tafiyar yini ce daga ofishinku.

Abin da ya sa nake ganin lokacin maganar ya yi shi ne gyaran da aka yi wa dokar. A watan Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta faɗaɗa ma'anar "kaya" ta haɗa da ayyukan hidima. Gyara ne mai kyau. Amma yana nufin masu manhajojin banki da na sufuri da na karatu da na sayar da data yanzu sun sami ƙofa a buɗe, kuma su ne suka fi kowa son gajeren suna da ke bayyana aikinsu. Arewa kasuwa ce babba da kowa ke hanƙoron shiga, hanya mafi sauƙi ta shiga kuwa ita ce kalmar da mutanenta suka riga suka sani.

Za ku ce ai doka ta ba da damar ƙalubalanta. Haka ne, a takarda. Bayan an karɓi buƙata ana buga ta a mujallar ofishinku, sashe na 20 kuma ya ba duk mai ƙorafi wata biyu. Ranku ya daɗe, ban taɓa ganin ɗan kasuwa a Farm Centre ko titin Beirut riƙe da wannan mujalla ba. Da Turanci take, lauyoyin Legas da Abuja ke bibiyarta, su ma don manyan kamfanonin da ke biyansu. Wa zai biya lauya ya zauna yana gadin kalmar "manhaja"? Abin da yake na kowa ba shi da mai tsaro. Wata biyu su wuce, a ba da takardar shaida ta shekara 7, a riƙa sabunta ta duk shekara 14 har illa masha Allahu. Sannan sashe na 14 ya ce rajistar da ta cika shekara 7 a kashin farko na kundin ta zauna daram, sai fa in an gano zamba ko wani babban aibi. Wanda ya farga a makare sai ya ɗauki lauya ya nufi Babbar Kotun Tarayya, ya shirya wa ɗage zama bayan ɗage zama. Wanda jarinsa bai wuce cikin kwali biyu ba, wannan ba hanyarsa ba ce.

Kuma mai takardar ba ya ma buƙatar kotu. Google Play da kantin Apple da Facebook da Instagram duk suna da hanyar kai ƙorafin tambari. Mai takarda ya tura hotonta, a sauke manhajar yaro ko a rufe shafin da yake talla, sai daga baya ya yi ta bayani da Turancin da bai ishe shi ba, ga wani ma'aikaci a wata ƙasa da bai san ma'anar kalmar ba. A kasuwa kuma mun san yadda ake yi: a zo da 'yan sanda da takarda mai hatimin gwamnati, a kwashe kaya, a ce a haɗu a ofis. Ɗan sanda ba zai tsaya nazarin sashe na 8 ba, wanda ya halatta wa mutum bayyana kayansa da gaskiya. Hatiminku yake gani. Shi ya sa tacewar da za ta yi amfani ita ce ta teburinku, kafin hatimin ya sauka.

A nan dole in faɗi wani abu game da mutanenmu, don kada a ce na ɗora muku komai. Yawancin 'yan kasuwarmu sun ɗauka in sun yi rajistar suna a hukumar CAC shi ke nan sun mallaki sunan. Ba haka ba ne. Waccan rajistar kamfani ce, ta tambari daban take, a wurinku ake yi. Wannan rashin sanin ya sa mutum zai shekara goma yana gina suna na kirki da ya ƙirƙira da kansa, bai kare shi ba, wani ya zo ya riga shi. Mu ke nan mun bar abin da ya halatta mu mallaka, muna kuma barci a kan abin da bai halatta kowa ya mallaka ba. Wannan aikin shugabannin ƙungiyoyin kasuwa ne, zan kuma gaya musu a gabansu.

Akwai ɓangaren da ya fi wuya, ba zan tsallake shi ba. Wani lokaci sunan kamfani ne ke rikiɗa ya zama sunan abu. A Kano duk man goge baki makilin ne, duk garin sabulu omo ne, duk ɗanɗanon miya magi ne, duk alƙalami biro ne. Ko babur mai ƙafa uku da muke hawa, sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ne ya bi shi, A Daidaita Sahu, har yau kuma da wannan sunan aka fi saninsa a garin nan. A Amurka irin wannan ya sa Bayer ya rasa Aspirin a 1921, Otis ya rasa Escalator, wato matattakalar nan mai tafiya da kanta, a 1950. Shin sai a ƙwace wa kamfani sunansa don ya yi nasara har kowa na faɗa? A ganina a'a, muddin akwai wani sunan da sauran masu sana'ar za su kira kayansu da shi. Matar da ta aiki yaro sayen omo ta san akwai Omo na ainihi, mai kanti ma ya sani, kuma mai yin wani garin sabulun na iya rubuta "garin sabulu" a ledarsa bai rasa komai ba. Haka kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta gani a 2017, da ta bar wa Google sunansa duk da mutane na cewa su "google" abu.

Inda nake ja shi ne inda babu wani sunan. JavaScript harshen rubuta manhaja ne da aka ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, kusan duk shafin intanet na aiki da shi, shi ne ma abin da yawancin yaranmu ke fara koya. Amma tambarin sunan na hannun Oracle, wanda ya gaje shi da ya sayi Sun Microsystems a 2010, har ƙa'idar harshen a hukumance wani suna take amsawa, ECMAScript. A Nuwamban 2024 kamfanin Deno ya shigar da buƙatar a soke rajistar. Miliyoyin mutane na cin abinci da abu, sunansa kuma na aljihun wanda bai ƙirƙira shi ba. Ku gwada wannan da kamfanin Denso Wave na Japan, wanda ya ƙirƙiro lambar QR a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota: sunan rajistarsa ne har yau, amma ya bar kowa ya yi amfani da fasahar, ga ta nan a jikin kwalaye da takardun biyan kuɗi. Wi-Fi da Bluetooth kuma ƙungiyoyin kamfanoni ne ke riƙe da su don tabbatar da cewa kayan sun cika ƙa'ida. Waɗannan ban damu da su ba. Sai dai kyautatawar Denso Wave halinsa ne, ba doka ce ta tilasta masa ba, ofishi kuma ba ya gina aikinsa a kan fatan mai takarda zai zama mutumin kirki.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu 'yan Kano musamman. Kayanmu ba a Nijeriya kaɗai suke tsayawa ba. Daga Maraɗi da Damagaram da Injamena da Garwa ake zuwa sari. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Nijeriya ba ta ciki. Kalmar Hausa da aka mallaka a can za ta iya tare kayan ɗan Kano a ƙasashen da miliyoyin mutane ke jin Hausar. Wannan ba a hannunku yake ba, amma ku ne kuke zama da takwarorinku a tarurruka, ku ne za ku iya tayar da maganar. Ba za ku iya tayar da ita ba kuwa sai kun gyara naku teburin.

Gyaran kuma ba mai tsada ba ne. Duk kalmar da jami'i bai gane ba, a tilasta wa mai nema ya rubuta ko tana da ma'ana a wani harshe na Nijeriya da abin da take nufi, in ya ɓoye a ɗauke shi zamba. Sannan a tambayi masu harshen kafin a buga hatimi. Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta daɗe tana aikin ƙamus da fassara. Saƙo guda ya isa su gaya muku ko kalma sunan abu ce. Ofishin Amurka na da ƙa'idar fassara kalmomin wasu harsuna kafin ya yanke hukunci a kansu, balle mu da harsunan namu ne na gida.

In kalmar gama-gari ta zo haɗe da suna na ainihi, a ce wani ya ƙirƙiri suna ya liƙa masa "manhaja" ko "data" ko "caja", sashe na 15 ya ba ku ikon sa shi ya amince a rubuce cewa bai mallaki wannan ɓangaren ba. Ku yi amfani da shi ba sassauci, ku kuma buga sharaɗin ɓaro-ɓaro a fuskar takardar shaidar, yadda ɗan sanda ko ma'aikacin Google da aka nuna wa zai gani da idonsa. Ni a wurina wannan ya fi duk sauran muhimmanci, domin shi ne zai yi aiki a ranar da aka zo kwashe kaya.

Mujallar kuma ku sa ta a intanet kyauta, yadda mutum zai rubuta kalma a wayarsa ya ga wanda ke nemanta, ku riƙa sanar da fitowarta a gidajen rediyon Kano da Hausa, don wata biyun nan su zama wata biyu na gaske. Waɗanda suka yi rajista suka ajiye ba sa amfani da ita, sashe na 31 ya yarda a cire bayan shekara 5. Ku sauƙaƙa kuɗi da hanyar neman hakan a gaban Magatakarda, yadda ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya shigar da buƙata ba sai ta sayar da shago ba.

In kuna son jerin kalmomin da ake ciniki da su a harkar waya da kwamfuta da POS a Kano, da Hausa da kuma Turancin da muka hausantar, ku aiko jami'i ɗaya ya zauna da shugabannin kasuwarmu da masu gyara da yaran nan masu rubuta manhaja. Mu za mu rubuta muku, mu sa hannu, ku ajiye a teburin masu tantancewa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da kayan waya,
Kasuwar Farm Centre, Kano.